Ƙafar Kazar Inna a Gindin Fanteka

Daga Allah muke, kuma gare shi ake komawa. Yayata, wadda nake bi, ta riga mu. Da hantsi muka kai ta makwancinta, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a zauren gidanmu na Ƙofar Rini, inda aka haife ta, aka haife ni.

Na sha zaman makoki a unguwar nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Wasu masu gaisuwa suna shigowa da ƙafa, wasu kuma ta cikin wayarta suke shigowa. Wayar tana hannun 'yarta, ita kaɗai Allah ya bar mata, malamar asibiti ce da ke aure a Arkilla. Jim kaɗan sai ta leƙo daga cikin gida ta miƙo mini.

"Kawu, ga wata daga Abuja. Kawu, ga wani kuma daga Ingila, shina son shi yi maka gaisuwa."

Mutanen da ban san fuskarsu ba suna kuka a kunnena, suna cewa Gwaggon Gwanjo ta tafi. Sunan da suka sa mata ke nan. Limamin unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, yayarka jama'a biyu tat tara, ta ƙasa da ta iska. Allah shi jiƙan ta." Wani tsohon maƙwabcinmu, mahauci, ya share ido da hannun riga ya ce, "Matar da tas sai da kwanon shan ruwan kaji kuɗɗin tunkiya! A gidana anka yi, ba labari anka ba ni ba." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka koma salati.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Kowa kuɗin yake tunawa. Ni karatuna bai yi nisa ba, mai awon gero da dawa ne ni a kasuwa, amma na ga yadda take yin abin, kuma ba na so ya bi ta kabari.

Yaya dillaliya ce tun ƙuruciyarta. Ƙunshi a ka, gida-gida tsakanin Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku, tana sayar wa matan da ba sa fita kayansu, tana karɓar la'adarta. Ba ta riƙe kwano ba tare da ta ƙwanƙwasa shi da farce ta kai kunne ba. Ko a gidan biki aka miƙo mata tuwo, sai ta ƙwanƙwasa tukuna.

"Na da shina da nauyi," in ji ta, "kuma in ka buga shi amonai na daɗewa. Na yanzu kamar gwangwanin madara."

Da roba da kula suka shigo gari, mata suka fara kwashe tsofaffin kwanonin samira daga ɗaki suna ba 'yan gwangwan a kan sikeli. Yaya ta riƙa tare 'yan gwangwan ɗin a hanya, tana ƙara musu ɗan abu a kan kuɗin nauyi, tana tarawa a ƙarƙashin gado. Ni ne autan Inna, kuma har gemuna ya yi fari Yaya ba ta canza mini suna ba. Wata rana na shiga gaishe ta, na yi tuntuɓe da murfi.

"Yaya, ɗakinki ya zama bola."

"Bar ni da bolata, Auta. Ɗiyan da sunka ga ana zubda su, su za su dawo neman su da hawaye."

Na yi mata dariya a ranar, na kuma ba abokaina labari a kasuwa.

'Yarta ce ta saya mata babbar waya don su riƙa gaisawa. Sai wata abokiyar aikinta ta ga hoton wata langa, ƙaramin kwano mai murfi, a bayan Yaya, ta ce irin ta kakarta ce, a sayar mata. Daga nan aka saka Yaya a wani zaure na intanet inda ake gwanjon tsofaffin kaya. Mai kaya ya sa hoto ya faɗi kuɗin farawa da lokacin rufewa, masu so su riƙa tayawa, wanda ya fi kowa a ƙarshe ya ɗauka. Yaya ba ta karanta boko, amma ta san lamba, kuma tana da baki. Da saƙon murya ta yi duk cinikinta.

Karon farko da na zauna na ga tana yi, wata langa ce mai jan fure ta sa a kuɗin mudun shinkafa.

"Yaya, ko ɗan gwangwan ya kusa ba ki haka. Hasara za ki yi."

"Saurara, mai awo. In nis sa tsada, mutum guda za shi tsaya shina tunani. In nis sa araha, goma za su taya. Wanda kuwa yat taya sau ɗaya, ya riga ya ɗauke ta a zuci ya kai ɗakinai ya aje. Ba shi yarda wani shi shigo shi hidda ta."

Kafin a rufe, langar ta wuce kuɗin buhun shinkafar gaba ɗaya.

Ba ta rufe gwanjo a tsakiyar wata, sai albashi ya shiga. Ba ta yi a ƙarshen azumi, ta ce lokacin kuɗin kowa yana wurin tela. Ran Lahadi take so, don na ƙasashen waje suna gida. Akwai kuma abin da ita kaɗai ke yi a zauren. Sauran masu kaya agogo suke sawa, sai wasu masu wayo su laɓe har daƙiƙar ƙarshe su jefa tayi su ɗauke kaya da araha. Yaya ta ce ita nata gwanjon da kiran sallar magariba na masallacin unguwarmu yake rufewa. Ladanmu tsoho ne, wata rana ya yi sauri, wata rana ya tsaya tari. Babu wanda ya isa ya laɓe masa. Duk mai so dole ya fito fili da wuri. In ladan ya ɗaga murya, sai ta danna wayar ta naɗi kiran sallar, ta ce, "Na sallama," kowa ya ji da kunnensa.

Ta san masu sayenta kamar yadda na san geron kowane ƙauye. A da, 'yan koli ke zuwa neman akushi da tandu da ƙwarya mai zane don Turawa. Wannan kasuwa ta yi sanyi. Sai masu gidajen abinci a manyan birane suka taso, su launi suke so su rataya a bango, ko babu murfi ba su damu ba. Bayansu kuma sai 'ya'yanmu da aiki ko aure ya kai nesa. Waɗannan murfi suke tambaya, da inda kwanon ya fito, da wadda ta ci a ciki.

"Ba kwano suka nema ba," in ji Yaya, "ɗakin uwayensu suka nema."

Akwai shekarar da anini da kwabo mai huji suka yi tsada. Kowa ya kwance nasa ya fito da shi, kuɗin ya faɗi warwas. Yaya ta ƙulle nata a tsumma ta mayar ƙarƙashin gado, ta ce in kowa ya fitar ita ɓoyewa take yi.

Kwanon kajin mahauci kuwa, gaskiya ne. Ta shiga gidansa barka, ta hango shi a gindin randa kaji na sha. Da ta ce a ba ta, kyauta za a ba ta har da godiya. Sai ta kira matarsa ta ce, "Kwanon ga shina da kuɗɗi. In kin yarda in sai da miki, in ɗauki la'adata." Matar ta ɗauka zolaya ce. Tunkiyar da suka saya da kuɗin ta haihu ba sau ɗaya ba.

Yanzu sai maganar gidan, wadda ita ce ta sa muke da zauren da muka zauna makoki.

Mu uku Inna ta bari: wanmu, Yaya, da ni. Wanmu ya rasu, 'ya'yansa suka girma suka nemi rabon ubansu a gidan. Haƙƙinsu ne, kuma babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati da ke zaman haya, da ladabi ya zo. Wani ɗan kasuwa ya riga ya taya gidan, zai rushe ya gina shaguna. Malamin da ya yi mana rabo ya ƙiyasta, ya ce ko dai a biya yaran rabon ubansu, ko a sayar a raba. Aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen watan babbar Sallah.

Ni na ce a sayar, don rumfata tana bukatar jari. Yaya kuwa tun rasuwar mijinta ta dawo ɗakin Inna take zaune. Ta dube ni ta ce, "Daga ɗakin ga za a ɗauke ni, Auta." Na ce to, nawa rabon ya zauna a ƙasa, amma na yaran fa? Ba da daɗin rai na faɗa ba.

Ta sayar da awakinta, ta kwashi adashenta, 'yarta ta kawo abin da ta iya. Duk da haka aka bar giɓi, kuɗin babban bijimi. Sai ta ce za ta haɗa jeren Inna ta kai gwanjo.

Jeren Inna kwanoni ne iri ɗaya, farare masu jan fure da koren ganye, tun daga 'yar langa har zuwa fanteka, babbar da sai mata biyu ke ɗauka in an cika ta. Da Inna ta rasu, ni da wanmu muka ce kayan mata ne, muka bar wa Yaya a gaban malam. Amma kaɗan ne suka rage a ɗaki. A garin nan kwano yawo yake yi. In an yi suna ko biki ko rasuwa, a zuba abinci a aika, wani ya dawo, wani ya zauna can. Shi ya sa kowace mace take yi wa nata shaida a gindi da fenti. Ta Inna ƙafar kaza ce da jan fenti, da ɗigo a gefe.

Yaya ta fara zuwa wurin ɗan wanmu.

"Ubanka ya bar min kwanonin Inna. Kana da magana a kansu?"

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, mi za ni yi da tsohon kwano? Har da nawa na roba in kina so."

"To ka tuna ka hwaɗi haka."

Sai ta ɗauki mayafi ta shiga gari. Matar wani gida a Ƙofar Atiku ta ba ni labarin zuwanta da bakinta a wurin makokin nan, tana dariya tana kuka.

"Salamu alaikum, na taho karɓar kwanon Inna."

"Wane kwano, Yaya?"

"Wanda anka kawo tuwo cikinai ranar sunan mijinki."

Mijin nan yana da jikoki. Aka shiga ɗakin ajiya aka fito da kwanoni, Yaya na kifa su ɗaya bayan ɗaya, sai ga ƙafar kaza. Babu gidan da aka yi mata gardama, don shaida ba ta bar wurin gardama ba. Duk inda ta karɓa kuma sai ta bar musu sabuwar kula. A hankali jeren ya haɗu, kowane da murfinsa, sai fanteka kaɗai.

Fantekar tana gidana. Cike da masa aka kawo ta ranar sunan 'yata ta fari, ba ta koma ba, daga baya ta zama ta dusar rago. Yaya ta kira ni ta ce, "Auta, kawo min ita yadda take." Na ji maganar sarai. Amma da na dube ta, duk dusa ta bushe a jiki, baki ya ɓantare wuri-wuri, sai kunya ta kama ni. Na ce mutanen Abuja da Ingila ba za su sayi ƙazanta ba. A sana'ata, hatsin da aka sheƙe aka tsince shi ya fi kuɗi. Na samo yashi da soson ƙarfe na zauna na dirje ta ciki da waje. Na ga jan fentin a gindi, na dirje shi har ya fita tas. Sannan na kai wa mai fentin babura ya fesa fari a inda ta ɓantare. Na ɗauko ta a keke ina jin kaina.

Yaya tana tsakar gida. Ta karɓa, ba ta ko dubi cikin ba, ta kifa ta.

"Auta, ina ƙafar kazar?"

"Na wanke. Dubi yadda taka walƙiya."

"Mi nic ce maka?"

"Yaya, tsohon fenti na fa. Kawo ja yanzu in zana miki wata, wa za shi sani?"

"Ni na sani. Da tsinken tsintsiya Inna tay yi ta, ni ar riƙe da gwangwanin fentin, kai kana bayanta goye kana kuka. Hannunka ba nata ba na."

Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ɗaga murya. Na ce na bar rabona a ƙasa saboda ita, na ɓata yinina ina wanke mata kwano, abin da zan samu ke nan? Na ce ta dafa kwanonin ta ci. Na fita, na ɗauke ƙafa daga gidan har aka yi Sallah ban je gaisuwa ba. Ita kuwa ta zauna da kananzir da tsumma ta goge fentin babur ɗin, ɓantarewar ta dawo yadda take. Shaidar ce ba ta dawo ba.

'Yarta ce take kawo mini labari. Ta ce Yaya ba ta yi gaggawar buɗe gwanjo ba. Kullum sai ta sa hoton kwano ɗaya, ciki da gindi, ba kuɗi, sai murya. Wannan a ciki ake kai wa Baba fura zaure. Wannan ya yi shekaru a gidan wanzami. Wannan murfin, ɓantarewarsa ranar da akuya ta shiga ɗaki ce. Mutane suka riƙa tambayar nawa, tana cewa ba yanzu ba. Sai da albashi ya shiga bayan Sallah ta jera su duka a kan tabarma, ta ce tare za a sayar, ba a rabawa, kuɗin farawa kuɗin buhun gero, rufewa magaribar Lahadi.

Yarinyar ta same ni a rumfa ta ce, "Kawu, saurari wannan," ta kunna mini.

"Jama'a, ku duba da kyau. Duk suna da shaidar Inna, ban da babbar. Autanmu ya wanke tata don shi burge ni. Ta Inna ta, amma ba ni da abin nuna muku sai bakina. Wanda bai yarda ba, kar shi taya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga tonon asiri a gaban duniya, ga karya kuɗin kaya da bakinta. Kuma da farko kamar haka ne, don tayin ya riƙa tafiya kamar jaki da kaya. Ana cikin haka wani dillalin tsofaffin kaya ya kira ta a gefe, ya ce zai ba da rabin giɓin nan take in ta rufe gwanjon ta ce an fasa. Jin wannan ne ya mayar da ni gidan, ba don na huce ba.

"Yaya, karɓi. Sauran rabin mu roƙi yaran su ƙara muna lokaci."

"Na ce mishi albarka."

"Albarka? Gida za ki rasa!"

"Na ce ma mutane magaribar Lahadi. In nij janye yau, gobe wa za shi tsaya a gwanjona? Kuma dillali ba shi ba da rabi sai ya hango ninki."

Na ce to, ga wata dabara. Surukina yana da waya, ya shiga ya riƙa tayawa yana tura kuɗin sama, in ya ga sun hau sai ya janye. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

"A zauren gidan ga Baba yak karanta muna cewa ƙara kuɗɗi ga kayan da ba ka da niyyar saye haramun na. Kana wurin, ko barci kaka yi? Gidan da za a tsare da wannan, gara a rushe shi."



Ran Lahadi bayan la'asar muka zauna a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya: Yaya, 'yarta, ni, da ɗan wanmu, wanda ya zo ya ji matsayin gidan. Wayar tana kan faifai a tsakiya. Yaya tana tsinke zogale kamar ba ita ke da kaya ba. 'Yarta ke karanta mana tayi.

Da rana ta fara sauka sai wayar ta kama ƙara ba tsayawa. Waɗanda suka taya tun yana kuɗin buhun gero suka dawo, kowa ba ya so a fitar masa da shi daga ɗaki. Aka wuce kuɗin rago. Aka wuce abin da dillalin ya bayar, shi da kansa ya shigo ya taya sau biyu ya gudu. A ƙarshe aka bar mutum biyu: wani mai gidan abinci a Abuja, da wata likita 'yar Sakkwato da ke aiki a ƙasar waje.

Mai gidan abincin ya aiko murya ya ce, "Gwaggo, a cire babbar da ba ta da shaida, in ƙara a kan sauran."

Yaya ta danna ta ce, "Ɗana, tare sunka zo gidan ga, tare za su hita."

Sai likitar ta aiko tata. 

"Gwaggo, ni maganar fantekar ce ta sa na yarda da sauran. Wadda ta faɗi aibin babbar ba za ta yi mini ƙarya a ƙanana ba. Innata ma tana da irinsu, shaidarta shuɗin layi biyu. Ina makaranta aka ba 'yan gwangwan."

Ta ƙara. Ya ƙara. Ta sake ƙarawa. 'Yar Yaya ta daina zama, tana karantawa a tsaye. Ɗan wanmu ya cire hula ya goge goshi ya ce, "Gwaggo, wai kyautar nan da Baba yay yi miki, akwai shedu kuwa?"

"Akwai. Har da wanda yac ce in haɗa da nashi na roba."

Ni idona yana kan lasifikar masallaci da ake hangowa ta saman katanga. Tayin yana gab da giɓin, bai kai ba. Na ji an hura lasifikar. Sai ladan ya kama tari. Allah ya saka wa tsohon nan. Yana tari mai gidan abinci ya ƙara, likita ta ɗora a kai da tsalle babba, irin na wadda ta gaji da wasa. Sannan muryar ladan ta tashi.

Yaya ta goge hannu a zane, ta ɗaga wayar sama ta ɗauki kiran, ta kawo ta baki ta ce, "Na sallama. Allah shi sa albarka."

'Yarta ta faɗi lambar. Ta cike giɓin, har da ragowar da ta isa a yi wa zaure sabon yaɓe. Ashe matan maƙwabta suna laɓe a bayan katanga, sai guɗa ta tashi ta ko'ina, matar mahauci ce kan gaba. Ɗan wanmu ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, wallahi na hi kowa murna. Ban so a ce ni nir rushe gidan kakana ba."  Yaya ta miƙe tana dafa gwiwa ta ce, "Auta, ɗauko min buta, lokaci na wucewa."

Kafin a naɗe kayan, likitar ta roƙi abu ɗaya. Ta ce ta san ba za a mayar da shaidar Inna ba, amma tana so Yaya ta sa tata a gindin fantekar, don jeren ya tafi da hannun uwa da na 'ya. Yaya ta ce wannan ba ƙarya a ciki. Ta aika aka kira ni. Ta karyo tsinken tsintsiya, ta miƙo mini gwangwanin koren fenti.

"Riƙe. Kar ka zubda."

Na riƙe da hannu biyu. Ta yi shaidarta, ɗigo biyu da ɗan layi a ƙasa. Na ce, "Yaya, ki yahe min." Ta ce, "Tun ranar na yahe. Amma da ka sake wanke min kaya, kai za ni sa a gwanjo, kuma da araha za ni buɗe."

An biya yaran kafin wa'adi. Ta ƙara shekaru a ɗakin Inna tana gwanjonta, har mata daga wasu unguwanni suna kawo mata kaya, kuma ba ta taɓa rufewa ba sai da ladan. Daga ɗakin aka ɗauke ta, kamar yadda ta faɗa.

Ranar addu'ar uku, abinci ya riƙa shigowa daga gidaje kamar yadda aka saba. Da aka watse na shiga cikin gida, na tarar da 'yarta zaune gaban tulin kwanoni tana kifa su don ta san inda za a mayar da kowanne. Sai na ga ta tsaya.

"Kawu, zo ka gani."

Ɗigo biyu da ɗan layi, da koren fenti. Ta kifa wani, shi ma haka. Wani daga gidan mahauci, wani daga Ƙofar Atiku, wani daga gidan da ba mu ma san tana aika abinci ba. Kwanonin Yaya ne da suka yi shekaru a gidajen mutane. Ba wanda ya aika a karɓo. Matan ne da kansu suka cika su suka dawo mata da su.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya yalwata mata makwanci fiye da ɗakin da ta tsare, ya haɗa ta da Inna a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, ya ba mu irin gaskiyarta a ciniki.

Yarinyar ta share fuska, ta jawo bokiti da soso za ta fara wanki. Na riƙe hannunta.

"Wanke cikin kawai, ɗiyata. Gindin, bar shi yadda yake."